Kwana biyar a kwale-kwale da mutumin da ya ce ransa nasa ne

Ɗan Yauri: Salamu alaikum jama'a. Waɗanda suka neme ni makon jiya ba su same ni ba ku yi haƙuri, inda na shiga ko ɗigon sabis babu. Wani Bature abokin aikina ne ya ja ni dajin Boundary Waters, can arewacin jihar Minesota ta Amurka a bakin iyakar Kanada. Fili ne da ya haura eka miliyan ɗaya, tafkuna sun fi 1,000, ba titi ba lantarki, kuma yawancin tafkunan ba a yarda jirgi mai inji ya shiga ba. Daga kai sai kwale-kwale da filafili. In tafki ya ƙare sai ka kife jirgin a kafaɗarka, kanka a ciki, ka ratsa daji har ka isa tafki na gaba. Ranar farko sauro suka taru a ƙarƙashin jirgin, hannuwana biyu na riƙe da shi, ina ji suna cin kunnena ba halin korewa. Nan na fara tambayar kaina wa ya aike ni.

Amma abin da ya kawo ni daban ne. Mutumin nan ɗan aƙidar libatariyan ne, masu cewa gwamnati ta sakar wa mutane mara. Rigarsa ta kariya daga nutsewa bai sa ba, a kanta yake zama. Na yi masa magana, ya ce dokar Minesota cewa ta yi rigar ta kasance a cikin jirgi, yara 'yan ƙasa da shekara 10 ne kawai aka tilasta wa sakawa. Ya ce jikinsa nasa ne, ransa nasa ne, muddin bai taɓa jikin wani ko dukiyarsa ba, babu mai ikon hana shi komai. Da dare muna gaban wuta ya ce nan ne kaɗai wurin da namiji yake sanin shi namiji ne, ba manaja, ba inshora, ba wanda za ka kira. Ba zan ɓoye muku ba, maganar ta shige ni. Shekara goma sha ɗaya ina ƙasar nan, ban taɓa jin na mallaki kaina irin na kwanakin nan ba. To shin yana da gaskiya?

Bakano a Dallas: Tsaya tukuna. Kuɗi ka biya aka ɗora maka jirgi a ka? A Kwari in ka yi dako kai ake biya.

Ɗan Yauri: Na biya, har da kuɗin takardar izini. Ka yi dariyarka.

Injiniya: Ɗan Yauri, abokinka ya fi mu duka gaskiya. Ni a New Hampshire nake, jihar da takenta yake cewa ko a rayu cikin 'yanci ko a mutu, kuma ita kaɗai ce a Amurka ba ta tilasta wa baligi ɗaura bel a mota. Maganar ma tsohuwa ce. Tun 1859 masanin falsafar Ingila John Stuart Mill ya rubuta cewa dalili ɗaya tak da zai sa a yi wa mutum dole shi ne don a hana shi cutar da wasu, amfanin kansa kuwa bai isa hujja ba. A nan in ka shiga dutse da ganganci har aka je ceto ka, hukuma na iya aiko maka da takardar kuɗin aikin. Akwai wani kati da suka fara sayarwa a 2015 wanda in ka saya ba za a caje ka ba, sai in gangancin ya wuce misali. Ai tsarin Bahaushe ne ma: tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Mu da muka taso inda kowace sabuwar doka takan zama sabon shinge na karɓar na goro, ai mu ya kamata mu fi kowa fahimtarsa.

Maman Sadiq: Injiniya, ni nas ce a Winnipeg ta Kanada, bari in faɗa maka abin da ruwan can yake yi wa mutum. Akwai wani farfesa a Jami'ar Manitoba, Gordon Giesbrecht, da ya daɗe yana bincike kan faɗawa ruwan sanyi, shi ya yaɗa ƙa'idar 1-10-1. Minti 1 na farko numfashinka ba a hannunka yake ba, za ka ja iska da ƙarfi ba da sonka ba, in kanka na cikin ruwa a lokacin to ruwa ka ja. Sai minti 10 da hannu da ƙafa ke jin maganarka, daga nan yatsu su sandare, ko gefen jirgi ba ka iya riƙewa. Awa 1 ta ƙarshe ta mai riga ce, don shi ne zai kai lokacin yana saman ruwa. Iya iyo ba ya shiga lissafin nan, ruwa kan ci gwani.

Sannan wa zai je nemansa? 'Yan sa-kai ne suke barin aikinsu da iyalinsu su shiga ruwan da ya ci shi. Takardar kuɗin da kake magana, in ɗaya daga cikinsu ya nutse wa za a aika wa? Kuma mun manta da babban abu: ba shi kaɗai ba ne a jirgin. Ɗan Yauri, da ya faɗa ruwa za ka zuba masa ido ka ce ransa nasa ne?

Ɗan Yauri: Ina! Da na bi shi, ni da iyona ma na kogi ne na yarinta.

Maman Sadiq: To ka gani. Da ranka ya yi caca, bai kuma tambaye ka ba.

Malam Na Bronx: Wa alaikumus salam. Abin mamaki, misalin da kuke nema yana nan a hadisi, kuma da jirgin ruwa aka buga shi. Bukhari ya ruwaito daga Nu'umanu ɗan Bashir, mutane suka yi ƙuri'a a jirgi, wasu suka samu sama wasu ƙasa. Na ƙasa suka ce bari mu huda rabonmu mu riƙa ɗiban ruwa, mu daina damun na sama. In an bar su kowa ya halaka, in an riƙe hannunsu kowa ya tsira. Ku lura, na ƙasan nan ba mugunta suka nufa ba, rabonsu ne, kuma niyyarsu ma kada su takura wa kowa.

Amma Injiniya kada ka ɗauka na watsar da maganarka gaba ɗaya. Addini ya hana bin diddigin mutane, ya tsare dukiyar mutum da gidansa, ba a shiga sai da sallama. Inda muka rabu da su shi ne tushe. Su tun daga masaninsu na falsafa John Locke suke cewa mutum shi ya mallaki kansa. Mu a wurinmu jiki amana ce, za a tambaye ka yadda ka yi da shi, kuma aya ta 195 a Baƙara ta hana mutum jefa kansa cikin halaka. Mai riƙon amana bai da bakin cewa nawa ne.

Injiniya: Allah ya gafarta Malam, na yarda, amma wannan tsakanina da Ubangijina ne. Tambayata ita ce ko ɗan sanda ne zai karɓi amanar. Zunubi daban, laifin da ake kama mutum a kai daban.

Malam Na Bronx: Wannan tambaya ce mai kyau, malamai ma sun yi dogon bayani a kanta a babin hisba. Ba na jin za mu ƙare ta yau.

'Yar Tarihi: Ku ba ni dama in shigo, don ina karatu a Thunder Bay ta Kanada, dajin nan maƙwabcinmu ne. Abin da ke ba ni dariya da masu wannan ra'ayi shi ne wurin da suke zuwa su ji sun kuɓuta daga gwamnati, gwamnati ce ta yi shi. Shirun da Yaya Ɗan Yauri ya ji daɗinsa doka ce ta kawo shi. A 1949 Shugaban Amurka Truman ya sa hannu aka hana jiragen sama yin ƙasa da ƙafa 4,000 a yankin. A 1964 aka yi dokar kare dazuzzuka, a 1978 aka yi wata ta musamman da ta hana sare itace da haƙar ma'adinai a ciki, ta kuma taƙaita injuna. Ba a shiga da gwangwanin abinci ko kwalba. Tawaga ba ta wuce mutum 9 da jirgi 4. Murhun ƙarfen da kuka dafa abinci a kai da masan da kuka zaga, ma'aikatan gandun daji ne suka kafa. Da an bar wa kasuwa, da yanzu gidajen hutu ne da ƙarar inji.

Sai zancen mazantaka. Gwarazan da suke kwaikwayo, matuƙan nan masu jin Faransanci na zamanin cinikin fatu, ai 'yan ƙwadago ne da suka sa hannu a kwantiragi da kamfani irin su North West Company. Kowane ɗauri fam 90 ne, wajen kilo 40, mutum yakan ɗauki biyu a lokaci guda, kuma hanyar dakon da ake kira Grand Portage ta kai mil takwas da rabi. Da yawa ƙaba ce ta kashe su saboda nauyi. Ba su da ikon cewa yau ba za su tashi ba. Jirgin kansa kuma fasahar 'yan asalin ƙasar ce, su Ojibwe, da ɓawon itace suke yin sa. Hanyoyin da ake bi tsakanin tafkunan nasu ne, ƙasar ma sai a yarjejeniyar 1854 ta fita daga hannunsu. Mai cewa kada a taɓa dukiyar kowa, daga wace shekara yake fara ƙirga?

Bakano a Dallas: Ashe dai dako ne tun asali. Na gode ƙanwata, kin wanke ni.

Injiniya: Ƙanwata kin yi karatu, amma kin tsallake shafi. Dajin nan da mutane a cikinsa kafin a ce ya zama na kowa. Kin san labarin Dorothy Molter? Nas ce, ta yi shekara fiye da 50 a wani tsibiri a tafkin Knife, tana yi wa matafiya magani, tana haɗa musu lemo. Da dokar 1964 ta zo aka nemi a tashe ta, sai da jama'a suka yi ca sannan aka bar ta ta zauna har ta rasu a 1986. Masu masauki da yawa ba su samu wannan gatan ba. Mutanen garin Ely da ke bakin dajin sun fusata har a 1977 suka rataye mutum-mutumin Sigurd Olson, marubucin da ke kan gaba wajen neman dokar, alhali mazaunin garin ne. Wato an kori masu neman abinci don 'yan birni su zo su ji shiru. Kuma maganar Ojibwe da kika kawo ai tawa ce, wa ya karɓe ƙasar in ba gwamnati ba?

'Yar Tarihi: Gwamnati ta karɓa, kamfanonin katako da na ƙarfe suka ci. Kada ka raba su, Yaya, tare suka zo. Amma na yarda da kai a kan Dorothy.

Ɗan Yauri: Bari in ƙarasa muku labarin, don na ga ana neman a mai da abokina mugu, ba haka yake ba.

Ban taɓa ganin mai kiyaye ƙa'ida irinsa ba. In za mu tashi sai ya kwarara wa wuta ruwa, ya juya tokar da sanda, ya sa tafin hannunsa a ciki ya tabbatar ta huce. Ya ba ni labarin gobarar Ham Lake ta 2007, wadda daga wutar mutum ɗaya ta tashi ta cinye eka wajen 75,000 har cikin Kanada. Yana tsince ledar da wasu suka yar ya sa a aljihu. Mun haɗu da wani mutum da 'ya'yansa biyu gas ɗinsu ya ƙare, ya ba su rabin namu, ya ɗaukar musu jirgi har ƙarshen hanya, ya ƙi karɓar ko sisi. In zan yi sallah shi yake ciro kamfas ya nuna mini arewa maso gabas, ya koma gefe ya yi shiru. Da na tambaye shi ya ce taimako ai dole ne a kan mutumin kirki, abin da ba ya so shi ne a sa shi da bakin bindiga.

Rana ta uku iska ta taso muna tsakiyar wani babban tafki. Ni ne a gaba, shi a baya yana riƙe da akalar jirgin. Raƙuman ruwa suna dukan goshin jirgin suna watso mini a cinya, ruwa ya fara taruwa a ƙafafuna. Sai ga mai cewa ba wanda ya isa ya ba wani umarni yana daka mini tsawa: durƙusa a gwiwa, kada ka daina tuƙi, hagu, hagu na ce! Ni kuwa ban ce masa jikina nawa ne ba, bi na yi ta yi kamar ɗan makarantar allo. Da muka samu bayan wani tsibiri muka fake, hannuna na rawa na ce masa don Allah ya sa rigar nan. Ya dube ni ya ce roƙo ne ko umarni? Na ce roƙo ne, ina da 'ya'ya uku, in ka faɗa sai na bi ka. Ya yi shiru, ya jawo ta daga ƙarƙashinsa ya sa, bai ƙara cirewa a kan ruwa ba har muka fito.

Injiniya: Shi ke nan! Magana ta yi aiki, ba tara ba kotu.

Maman Sadiq: Ta yi aiki a rana ta uku, bayan Allah ya tsare. Da a tsakiyar tafkin kuka kife da ba a kai ga roƙon ba. Kuma tsarin naku yana tafiya ne in kowa irin wannan Baturen ne. Wanda ya bar wutar 2007 fa, shi ma ai ganin kansa yake ya san daji.

Basarke: Tun ɗazu ina karantawa ina jinjina kai. Ni daga gida nake rubutu, a bakin ruwa aka haife ni, kuma Ɗan Yauri ya san abin da zan faɗa don kawunsa ɗan fito ne. Injiniya, in kana son ganin ruwan da hukuma ba ta damu da shi ba, ka zo in kai ka. A watan Mayun 2021 jirgi ya rabe a wajen Warra da ke Ngaski, mutane fiye da ɗari aka yi ta nema. A Nuwamban shekarar aka yi na Bagwai a Kano, yawancinsu yara 'yan Islamiyya. A Yunin 2023 na Patigi a Kwara, 'yan biki, sama da ɗari. Waɗannan ba jarumta suka fita nema ba. Kasuwa za su, gona za su, babu gada. Mai jirgi yana ƙara mutum don kuɗin mai ya fita, fasinja ya ga lodi ya yi yawa amma in ya sauka sai gobe. Wane zaɓi ke nan?

Kuma ko da can ruwa bai taɓa zama ba mai shi ba. Akwai Sarkin Ruwa. Shi ke cewa yau ba a shiga, wannan gurbin an rufe shi sai baɗi. A Argungu wa ya isa ya jefa homa a Matan Fada kafin a ba da izini? Kakanninmu sun fi Baturen nan sanin ruwa nesa ba kusa ba, ban taɓa jin ɗayansu ya ce shi kaɗai ya ishi kansa ba.

Injiniya: Allah ya jiƙansu. Amma Basarke, dokar hana lodi da ta sa riga ai akwai su a takarda, me suka hana? Sarkin Ruwan da ka ambata kuwa ya fi kusa da abin da nake faɗa, mutanen wuri ne suka tsara abinsu, sun san shi ya san su.

Basarke: Ka taɓa ganin abin da ake yi wa wanda ya karya dokar Sarkin Ruwa? Ba roƙonsa ake yi ba.

Ɗan Yauri: Maganar kawuna da Basarke ya kawo ta taɓa ni. Na kira shi jiya na ba shi labari. Da na ce masa jirgin da muka hau bai fi kilo 20 ba, kuma kuɗinsa dala dubbai ne, sai ya tambaya buhu nawa yake ɗauka. Na ce ba ya ɗaukar buhu. Ya ce kifi fa, na ce mun kama uku mun saki biyu. Ya daɗe yana dariya, sannan ya ce to me kuka je yi? Na rasa amsa. Shi shekara arba'in yana kan ruwa, tafin hannunsa kamar ƙirgi, ya san inda kututturan da Kainji ta shanye suke ko da dare, amma bai taɓa kiran kansa jarumi ba, burinsa ɗansa ya samu aikin ofis. Ni mai aikin ofis na biya kuɗi in yi kwana biyar ina kwaikwayonsa.

Duk da haka ba zan ce abin da na ji ƙarya ne ba. Asubar rana ta huɗu na yi alwala da ruwan da ya sa haƙorana kaɗawa, hazo ya rufe tafkin, wani tsuntsun ruwa yana kuka kamar mai kiran wani. Ba wanda ya san inda nake. Abin da zan ci yana bayana, inda zan kwana ni zan kafa. Na ji wani nauyi ya sauka daga kaina wanda ban san ina ɗauke da shi ba.

Maman Sadiq: Ba wanda ya san inda kake ban da matarka da ka bar wa yara uku, da ofishin da ya ba ka takarda ya rubuta mashigar da ka bi da ranar. Ba gori nake maka ba ƙanena, na ji daɗi da ka huta. Amma ka saya mata tsaraba mai kyau.

Bakano a Dallas: Hajiya ta gama da kai. Ni dai a sa ni a layin masu karɓar tsaraba.

'Yar Tarihi: Ni fa duk da surutuna ina son zuwa. Ta ɓangarenmu na Kanada akwai dajin Quetico, ruwa ɗaya ne, amma ban taɓa samun abokan tafiya ba.

Shugaban Zaure: To tunda abin ya kai haka, mu shirya na baɗi. A ƙarshen Janairu ake buɗe neman izini kuma mashigai masu kyau ba sa daɗewa. Mutum 9 ne iyaka, ya zuwa yanzu ina da Ɗan Yauri, 'Yar Tarihi da ƙawarta in ta samu, da ni. Malam ya taɓa cewa in mutum uku suka fita tafiya su naɗa shugaba, don haka Ɗan Yauri kai ne amir. Watan Agusta nake gani, sauro sun ragu ruwa ya yi ɗumi. Injiniya?

Injiniya: Ku sa ni. Zan sa riga, amma a rubuta cewa da raɗin kaina na sa.

Maman Sadiq: A rubuta. Ni zan haɗa muku akwatin magani, ku turo mini adireshi.

Ɗan Yauri: Zan tambayi Baturen ko zai zo, don a cikinmu babu wanda ya iya riƙe bayan jirgi in iska ta taso. Bakano, saura kujera.

Bakano a Dallas: Ni zan tsaya a Ely in tsare muku mota. Akwai otal ko?